Dogo ko Ɗan Gefe: Tarihin Wata Gardama a Ƙwallon Kwando

Kano garin ƙwallon ƙafa ne, ba mai ja da wannan. Amma ƙwallon kwando ma tana da mutanenta, kuma da yawansu a Sabon Gari da Fagge suke. Su ne za ka gani da yamma ana ta tsalle a filin siminti har a kira magariba. Su ne kuma ke hana idonsu barci, domin wasannin NBA na Amurka sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare suke farawa a agogonmu. Idan ka zauna cikinsu, ba za ka daɗe ba sai tsohuwar gardamar nan ta taso: in an ba ka ƙungiya aka ce ka ɗauki mutum ɗaya ka gina ta a kansa, wa za ka ɗauka? Dogon da zai tsaya ƙarƙashin kwando ya hana kowa sakat, ko ɗan gefe mai ƙafa shida da 'yan kai, wanda zai ja ƙwallo, ya yi jifa daga nesa, ya kuma tsare duk wanda aka haɗa shi da shi?

Wannan gardama tana da ranar haihuwa, kuma ɗan Najeriya ne a tsakiyarta.

A ranar 19 ga Yuni, 1984, ƙungiyoyin NBA suka taru a birnin New York domin zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Tsarinsu shi ne ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke fara zaɓe, don kada ƙarfi ya taru wuri guda. A wancan zamani kwabo ake jefawa tsakanin ta ƙarshe a Gabas da ta ƙarshe a Yamma. Houston Rockets ce ta Yamma. Gurbin Gabas na Indiana ne, amma tun 1981 ta sayar da shi ga Portland Trail Blazers a wani ciniki. Aka jefa kwabo, ya faɗo wa Houston. Ta ɗauki Akeem Olajuwon, haifaffen Legas. Portland ta ɗauki Sam Bowie na Jami'ar Kentucky, mai ƙafa 7 da inci 1. Chicago Bulls, da ta zo ta uku, ta ɗauki wani saurayi daga North Carolina mai ƙafa 6 da inci 6, sunansa Michael Jordan.

Yau yaro ƙarami a Layin Kuka ko a France Road zai yi dariyar Portland. Kafin mu taya shi dariya, ya kamata mu san abin da mutanen 1984 suka tashi suka gani da idonsu.

Tun da aka kafa gasar, dogaye ne ke mulkinta. George Mikan ya ɗauko wa Minneapolis Lakers kofi 5 tsakanin 1949 da 1954, har sai da hukumar gasar ta faɗaɗa da'irar da ke ƙarƙashin kwando daga ƙafa 6 zuwa 12 a 1951, don a nisanta shi da ragar. A 1964 aka sake faɗaɗa ta zuwa ƙafa 16 saboda Wilt Chamberlain, mutumin da ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa guda ranar 2 ga Maris, 1962. Bill Russell ya yi kaka 13 a Boston, ya tafi da kofi 11. Milwaukee ta ci jifan kwabo a 1969 ta ɗauki Lew Alcindor, wanda duniya ta sani daga baya da Kareem Abdul-Jabbar. Shekara biyu kacal ta ɗauki kofi. Daga 1965 zuwa 1980, shekara 16 a jere, duk wanda aka naɗa gwarzon ɗan wasa na shekara ɗan tsakiya ne. Ita kanta Portland kofinta ɗaya tak, na 1977, dogo ne ya kawo mata shi, wato Bill Walton.

Lissafin ma a fili yake. Kwando yana ƙafa 10 daga ƙasa. Layin maki uku bai shigo NBA ba sai 1979, kuma a shekarun farko ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Idan kowane jifa maki biyu ne, to mai hankali zai nemi wanda ya fi kusa da kwando, ya miƙa masa ƙwallo. Masu horarwa na can suna cewa komai za ka iya koya wa yaro ban da tsawo. Har shugaban sashen wasa na Chicago a lokacin, Rod Thorn, bai ɓoye ba cewa da ya so a ce dogo ya samu. An kuma ruwaito cewa Bobby Knight, wanda ya horar da Jordan a tawagar Amurka ta gasar Olamfik ta 1984, ya shawarci abokinsa Stu Inman na Portland ya ɗauki Jordan. Da Inman ya ce ai su ɗan tsakiya suke nema, sai Knight ya ce to su ɗauke shi su sa shi a tsakiyar.

Ba su ji ba. Hujjarsu ita ce suna da Clyde Drexler da suka ɗauka a 1983, ga kuma Jim Paxson, dukansu 'yan gefe. Me za su yi da na uku? Gurbin da ke buɗe suka duba, ba mutumin da ke gabansu ba. Kamar ɗan Kantin Kwari ne da aka kawo masa shadda mai kyan gaske, ya ce ai yana da shadda, atamfa ce ta ƙare masa, ya je ya kwaso wadda ruwa ya taɓa. Kuma sun san ruwa ya taɓa ta: Bowie ya riga ya yi shekara biyu cur bai buga wa jami'arsa ba saboda tsagewar ƙashin ƙwabri. Kakarsa ta farko ta yi kyau, ya buga wasa 76. Daga nan sai karaya bayan karaya, hagu da dama. A shekara biyar da ya yi a Portland wasa 139 ya buga, kafin a yi musayarsa zuwa New Jersey a 1989. Ni dai ban taɓa iya yi wa Bowie dariya ba. Mutum ne mai basira wanda ƙafafunsa suka ci amanarsa, kuma duk da haka ya daure ya ci gaba da wasa har 1995. Laifin na waɗanda suka ga hoton ƙashin suka rufe ido ne.

Jordan kuwa, labarinsa ko a kasuwar gwanjo ta Sabon Gari an san shi, inda har yau jar riga mai lamba 23 ba ta kwana a rataye. Kofi 6, daga 1991 zuwa 1993, sannan 1996 zuwa 1998. Na 1992 ma a hannun Portland da Drexler ɗinta ya karɓe. Abin da ya girgiza tunanin masana shi ne Chicago ta yi wannan duka ba tare da wani shahararren ɗan tsakiya ba. Bill Cartwright da Luc Longley ma'aikata ne masu yin abin da aka sa su, amma ginshiƙan ƙungiyar 'yan gefe biyu ne, Jordan da Scottie Pippen.

To amma me ya sa ba a zagin Houston, alhali ita ce ta fara tsallake Jordan? Nan ne zancen ya fi daɗi, nan ne kuma ya shafe mu.

An haifi Olajuwon a Legas a 1963. Golan ƙwallon ƙafa ne tun yana yaro, kuma ɗan wasan ƙwallon hannu a makarantar horar da malamai ta Musulmi da ke Legas. Yana da shekara 15 makarantarsu ta zo gasar wasanni ta makarantun horar da malamai a Sakkwato. Da tawagar ƙwallon hannu yake, sai wani ɗalibi ya roƙi koci a ara musu wannan dogon ya buga musu ƙwallon kwando. Ashe mafarin abin ke nan. Cikin shekara biyu ya shiga tawagar matasa ta ƙasa, wani koci Ba'amurke mai suna Christopher Pond ya gan shi, ya haɗa shi da Guy Lewis na Jami'ar Houston, a 1980 ya sauka Amurka. A can ya sami Moses Malone, gwarzon gasar a lokacin, yana atisaye a wani zauren wasa na unguwa duk lokacin hutu. Malone bai tausaya masa ba, ya yi ta bangazarsa har ya goge.

Abin da ya raba Olajuwon da sauran dogaye yana ƙafarsa. Mai gadin raga dole ya iya karanta inda ƙwallo za ta bi, ya yi tsalle a daidai lokaci. Ɗan ƙwallon hannu dole ya iya yaudara da kafaɗa. Ya kwaso duka biyun ya kawo ƙarƙashin kwando. Ka duba yadda yake yi: zai karɓi ƙwallo ya ba mai tsaronsa baya, ya ɗan karkata kafaɗar dama kamar zai juya, mai tsaro ya bi, sai ya murɗa hagu, ya ɗaga ƙwallon kamar zai jefa, mai tsaro ya tashi sama, shi kuwa ƙafarsa ɗaya na nan kafe a ƙasa, sai ya sunkuya ta ƙarƙashin hannun mutumin ya ajiye ta cikin raga a hankali. Dogo ne da ƙafar ɗan gefe. Ya yi ritaya da tare jifa 3,830, adadin da babu wanda ya kai tun da aka fara ƙirgawa, ga kuma sace ƙwallo fiye da 2,000, aikin da aka saba gani a hannun gajeru masu zafin nama.

Houston ma ta ɗanɗana azabar ciwon dogaye. Ta haɗa shi da Ralph Sampson mai ƙafa 7 da inci 4, suka kai wasan ƙarshe a 1986, Boston ta doke su. Gwiwoyin Sampson suka lalace, Olajuwon ya yi shekaru yana jan ƙungiyar shi kaɗai. Sai da Rudy Tomjanovich ya karɓi horarwa ya kewaye shi da masu jifa daga nesa, irin su Kenny Smith da Vernon Maxwell da Robert Horry da Mario Elie. In an bar shi da mutum ɗaya ya ci. In an taru masa biyu ya fitar da ƙwallo waje a jefa maki uku. A 1994 ya zama gwarzon shekara, gwarzon tsaro, kuma gwarzon wasan ƙarshe, duk a kaka guda, bayan ya kayar da New York ta Patrick Ewing a wasa na bakwai. A 1995 Houston ta shiga zagayen ƙarshe tana ta shida a Yamma, ta bi ta kan Utah da Phoenix, ta haɗu da San Antonio ta David Robinson, wanda aka ba kyautar gwarzon shekarar. Olajuwon ya yi ta juya shi har abin ya zama darasin da ake nuna wa yara a bidiyo. A wasan ƙarshe ya share Orlando ta Shaquille O'Neal ci huɗu ba ko ɗaya. Drexler, wanda saboda shi Portland ta ƙi Jordan, a gefen Olajuwon ya ɗauki kofinsa ɗaya tilo a wannan shekara.

Akwai abin da Musulmin Kano ba sa mantawa game da shi. A 1991 ya gyara rubutun sunansa zuwa Hakeem, kuma yana azumin Ramadan ko da ranar wasa ce. A 1995 azumi ya faɗo cikin Fabrairu, kuma shi aka zaɓa gwarzon gasar na wannan wata.

Masu goyon bayan ɗan gefe za su ce ai Jordan ya tafi hutu ne a Oktoban 1993, bai dawo ba sai Maris 1995, shi ya sa Hakeem ya sami sarari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma shida ta fi biyu ko a wace makaranta. Amma ƙungiyar da ta ɗauki mutum ya ba ta shekara 17 da kofi biyu ba ta yi asara ba. Houston ta ɗauki gwani wanda Allah ya yi shi dogo. Portland ta ɗauki tsawo tana fatan gwaninta da lafiya su biyo baya.

Abin mamaki, ƙungiyoyi sun yi ta maimaita kuskuren Portland suna zaton dabarar Houston suke bi. A 1998 Los Angeles Clippers ta ɗauki wani haifaffen Legas, Michael Olowokandi, a lamba ta ɗaya, da fatan ta sami sabon Hakeem, ta bar Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce. A 2007 Portland ta sake samun zaɓin farko, ta ɗauki Greg Oden ta bar wa Seattle Kevin Durant. Oden wasa 82 ya buga mata gaba ɗaya saboda ciwon gwiwa. Durant ya zama gwarzon shekara a 2014. A 2009 Memphis ta ɗauki Hasheem Thabeet na Tanzaniya a lamba ta biyu, James Harden da Stephen Curry suna zaune suna jira. A wannan tsakanin kuma dokokin wasa sun juya wa dogon gargajiya baya: a 2001 aka halatta tsaron yanki, a 2004 aka hana dafa mai ƙwallo da hannu, jifan maki uku ya zama abincin yau da kullum. Dogon da ba ya iya fita waje ya tsare gajere sai ya zama ƙofar da ake shiga ƙungiya ta kanta.

Wanda ya fi ba ni sha'awa wajen warware wannan lissafi ɗan Zariya ne. An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi, a nan ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya shafe rayuwarsa yana horar da yaran Arewa. Bai kai ga buga NBA ba, ya shiga ta ƙofar farautar 'yan wasa, har ya zama shugaban Toronto Raptors ta Kanada. A Yulin 2018 ya yi abin da ya sa magoya baya suka yi masa ca: ya bayar da DeMar DeRozan, ɗan lelen garin, tare da matashin dogo Jakob Poeltl, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, ɗan gefe mai fama da ciwo wanda saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. Amma bai tsaya nan ba. A Fabrairun 2019 ya nemo Marc Gasol daga Memphis, tsohon dogo mai kaifin ƙwaƙwalwa, domin ya san Joel Embiid na Kamaru yana jiransu a Philadelphia. Gasol ya hana Embiid sakewa, Kawhi ya jefa ƙwallon ƙarshe a wasa na bakwai ta saman hannun Embiid, ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa. A watan Yuni suka doke Golden State suka ɗauki kofi. Da Kawhi da Gasol suka tafi, Ujiri ya gwada cika ƙungiyar da 'yan gefe masu kusan tsawo ɗaya, Pascal Siakam da OG Anunoby da Scottie Barnes, ba ɗan tsakiya na gaske. Abin bai kai su ko'ina ba. A Fabrairun 2023 ya koma San Antonio ya sayo Poeltl ɗin da ya bayar.

A nahiyarmu ma tarihi bai tsaya a bayan tsawo ba. Najeriya da Senegal sun fi Angola dogaye nesa ba kusa ba, amma Angola ce ta ɗauki kofin Afirka sau 11 tsakanin 1989 da 2013, da gudu da jifa da daɗewar 'yan wasanta tare. Ranar da D'Tigers, tawagar Najeriya, suka karya wannan ƙofa a Tunisiya a 2015, da ci 74 da 65 a kan Angola, gwarzon gasar Chamberlain Oguchi ne, mai jifa daga waje. Ranar 10 ga Yuli, 2021 kuma, da suka doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas, jifan maki uku guda 20 suka zuba. Ƙasar da ta ba duniya Olajuwon daga gefe ta ci manyan wasanninta.

Daga baya dogaye suka dawo kan mulki, amma da wata siffa. Nikola Jokic na Sabiya yana raba ƙwallo fiye da masu raba ta. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka, yana ɗauko ƙwallo daga wannan kwando ya kai ta wancan da kansa. Daga 2019 zuwa 2024 kyautar gwarzon shekara tsakanin Giannis da Jokic da Embiid ta yi ta zagayawa. Babu ɗayansu da aka kafe a ƙarƙashin kwando aka ce kada ya motsa.

Wannan ne ke ci mini rai idan na tsaya bakin filayenmu. Yaro ɗan shekara 14 zai zo, ya fi kowa tsawo, hannuwa har gwiwa, yana tafe yana sunkuyar da kai saboda tsokanar da ake yi masa a layi. Daga ranar farko sunansa ya ɓace, ya koma Dogo. In ya kuskura ya buga ƙwallo da ƙasa sau biyu, sai ka ji an daka masa tsawa daga gefe: "Kai Dogo, ba da ƙwallo ka koma ciki!" Shi kuma ya ce, "To, Koci." Haka zai yi shekara huɗu yana cafke wadda ta kuskure kwando yana miƙa wa wasu. Ƙungiyarsa za ta ci wasannin unguwa, kowa ya ji daɗi. Ranar da ya fita waje sai ya tarar ƙafa 6 da inci 6 da ake yi masa kirari da ita a Fagge tsawon Jordan ne, tsawon ɗan gefe, ga shi bai iya ja ba, bai iya jifa ba. Ba na zargin masu horarwar nan da mugunta. Yawancinsu da kuɗin aljihunsu suke sayen ƙwallo da raga. Amma yaron da ya taso yana buga ƙwallon ƙafa a lungu ya riga ya zo da rabin abin da Hakeem ya tafi da shi Houston, kuma mu ne muke kashe masa shi.

Kano ta nuna tana iyawa idan an ba ta tsari. Kano Pillars ta ƙwallon kwando, ƙarƙashin Koci Sani Ahmed, ta ɗauki kofin ƙasa a 2013 da 2014 da 2016, da 'yan wasa irin su Abubakar Usman a waje da Abdul Yahaya a ciki, kuma zauren wasa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yakan cika idan suna gida. A Disambar 2016 ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira. Wata shida bayan haka, a Yunin 2017, hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta dare gida biyu: ɓangaren Tijjani Umar ya yi zaɓensa a Kano, na Musa Kida ya yi nasa a Abuja. Rikicin ya ja shekaru, masu ɗaukar nauyi suka janye, gasar cikin gida ta yi ta tsayawa tana tashi. Da NBA da hukumar FIBA suka buɗe sabuwar gasar ƙungiyoyin Afirka a Kigali a 2021, Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta wakilci Najeriya, a 2023 kuma Kwara Falcons ta Ilori.